Mai Shagon Unguwa da Rawanin Sarkin Kasuwa

Kowace unguwa tana da shagon da aka saba da shi. Mai shagon ya san mai sayen sukari ƙulli-ƙulli, ya san gidan da maigida ya yi tafiya, ya san wanda zai ɗaga wa ƙafa har ƙarshen wata. Ko an buɗe sabon kanti mai firji da fitilu a bakin titi, jama'a ba sa gudunsa. Amma in aka naɗa wannan mutumin sarkin kasuwa, aiki ya sake. Can sai ya raba rumfuna, ya sasanta dillalai da fatake, ya hukunta mai algus ko da amininsa ne.

A ganina haka siyasar Jeremy Corbyn ta kasance. A 1983 mazaɓar Islington ta Arewa da ke Landan ta tura shi majalisar dokokin Birtaniya a tutar jam'iyyar Leba, kuma har yau kujerar ba ta kuɓuce masa ba. Ƙasar tana da mazaɓu 650, kowace da wakili ɗaya. Al'adarsu ce ɗan majalisa ya riƙa ware lokaci ya zauna a mazaɓarsa, mutane su kawo kukansu: mai rigima da mai gidan haya, baƙon da takardun zamansa suka maƙale, tsohuwar da aka tsayar wa kuɗin tallafi. A irin wannan zama Corbyn ya yi suna, ga shi kullum ana ganinsa bisa keke cikin unguwa.

Shekara 32 ya yi a kujerun baya, ko ƙaramin minista bai taɓa riƙewa ba. Tun 1984 'yan sanda suka kama shi a gaban ofishin jakadancin Afirka ta Kudu yana zanga-zangar ƙin mulkin wariyar launin fata. A zamanin gwamnatin Leba, daga 1997 zuwa 2010, ya saɓa wa umarnin jam'iyyarsa sama da sau 400 wajen jefa ƙuri'a, ciki har da yaƙin Iraƙi na 2003, inda Firaminista Tony Blair ya bi bayan Amurka. Ni dai ina ganin a kan Iraƙi shi ne da gaskiya. Mai shago yana da ikon cewa kaya kaza ba za su shiga shagonsa ba, kuma wannan taurin kan ne ke sa a yarda da mudunsa.

Rawani ya zo a 2015. A lokacin ana buƙatar sa hannun 'yan majalisa 35 kafin mutum ya nemi shugabancin jam'iyya, da ƙyar ya haɗa 36, wasu ma sun sa masa hannu ne don kawai muhawara ta yi armashi. Sai ga shi ya lashe da kashi 59.5 cikin ɗari. A zaɓen 2017 Leba ta sami kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'u, Firaminista Theresa May ta rasa rinjayenta a majalisa.

Amma tun 2016 'yan majalisar jam'iyyarsa 172 suka kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa. Wanda ya daɗe yana bijire wa shugabanni, yau shi ke neman biyayya. Kan ficewa daga Tarayyar Turai magoya bayansa sun rabu biyu, shi kuma ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Abin da na fi ganin laifinsa shi ne ƙorafe-ƙorafen ƙyamar Yahudawa a cikin jam'iyya, waɗanda ke buƙatar shugaba mai tsawatar wa nasa da gaggawa. A 2019 Leba ta tashi da kujeru 202, mafi ƙaranci tun 1935. A Oktoban 2020 hukumar daidaito da haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ce jam'iyyar ta karya doka kan wannan batu. Corbyn ya ce abokan hamayya sun zuzuta girman matsalar, nan take aka dakatar da shi.

A ƙarƙashin magajinsa Keir Starmer jam'iyya ta hana shi tikiti, ta tsayar da wani. Allon da ke saman shago kawai ta iya cirewa. A Yulin 2024, daren da Leba ta kwashe ƙasar da gagarumin rinjaye, Corbyn, yana da shekara 75, ya tsaya ba jam'iyya, ya kayar da ɗan takararta a Islington ta Arewa da ratar ƙuri'a sama da 7,000.