Ƙananan Turakun Intanet da Ikon Ƙananan Hukumomi: Misali Daga Amurka



Maƙasudin wannan lacca shi ne amsa tambaya guda: idan kamfani ya so kafa ɗan turken da zai kai wa unguwa intanet ta iska, wa ke da ikon cewa a kafa ko kada a kafa? Na ɗauki Amurka a matsayin misali domin a can an daɗe ana kai ruwa rana a kan batun, har ya je gaban Kotun Ƙoli fiye da sau ɗaya.

Da farko dai, ya kamata mu san cewa tsara gari a Amurka aikin jihohi ne da ƙananan hukumomi. A 1916 birnin New York ya kafa dokar da ta kasa gari kashi-kashi, watau nan wurin gidaje, can wurin kasuwa, can kuma wurin masana'antu, tare da ƙayyade tsawon gine-gine. A 1926 Kotun Ƙoli ta tabbatar da halascin irin wannan doka. Saboda haka duk mai son kafa turke, dole ya nemi izinin hukumar garin. To, amma sadarwa aba ce da ta game ƙasa baki ɗaya, kuma kula da ita yana hannun Hukumar Sadarwa ta Tarayya, wadda ake kira FCC. Nan ne fa sarki biyu suka haɗu a gari ɗaya.

Dokar Sadarwa ta 1996 ta raba gardamar da cewa ikon zaɓen wuri yana nan a hannun ƙaramar hukuma, amma da iyaka. Ba za ta fifita wani kamfani a kan wani ba gaira ba dalili, ba za ta yi abin da zai hana sadarwar isa ga jama'a ba, kuma ba za ta ƙi ba da izini don tsoron illar tururin da eriya ke fitarwa ba, muddin na'urar ta cika ƙa'idar tarayya. Daga baya zuwan fasahar 5G ya ƙara wa matsalar nauyi, domin wani sashe na siginarta ba ya tafiya nesa, bango da itatuwa suna tare shi. Maimakon dogon turke ɗaya, sai a buƙaci ƙanana masu yawa, galibi a kan sandunan fitilun titi. A ƙa'idar FCC ta 2018, ɗaya daga cikin ma'aunan ƙaramin turke shi ne kada ya wuce ƙafa 50, eriyarsa kuwa ba ta fi ƙaramin akwati ba.

Ana iya cewa da igiyoyi uku aka ɗaure ikon ƙaramar hukuma. Ta farko ita ce lokaci. Jan ƙafa shi ne hanya mafi sauƙi ta hana mutum abu ba tare da an ce masa a'a ba. Don haka a 2009 FCC ta yanke wa'adin kwana 90 ga mai son ɗora eriya a kan turken da ke tsaye, da kwana 150 ga mai son gina sabo, kuma Kotun Ƙoli ta amince da ikonta na yin haka a 2013. A 2018 aka rage wa'adin ƙananan turaku zuwa kwana 60 da kwana 90.

Igiya ta biyu ita ce hujja a rubuce. Kamfanin T-Mobile ya nemi kafa turke mai siffar itace a garin Roswell na jihar Jojiya. Majalisar garin ta ƙi, ta aika da wasiƙa, amma cikakken bayanin zamanta bai fito ba sai bayan kwana 26, alhali kwana 30 kacal doka ta ba kamfani ya kai ƙara. A 2015 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wajibi ne dalilan ƙi su fito a rubuce, kusan lokaci ɗaya da sanarwar ƙin.

Igiya ta uku ita ce kuɗi. Ƙa'idar 2018 ta ce kuɗin izini ya yi daidai da abin da hukuma ta kashe wajen aikin. Ta kuma ba da adadin da ake ɗauka bai wuce kima ba: dala 500 ga takardar neman izinin na'urori har biyar, dala 1,000 ga sabon sanda, da dala 270 a shekara ga kowace na'ura.

Kada a zaci birane sun rungume hannu. Da yawansu, ciki har da Portland, sun kai ƙara, kuma a 2020 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da wa'adin da iyakar kuɗin, amma ta soke wani ɓangare na sharuɗɗan da FCC ta gindaya a kan ƙawar gari. Ke nan ƙaramar hukuma tana da sauran faɗa a kan siffar turke da yadda zai dace da unguwa.

A nan gida ma muna da irin wannan rabon iko. Hukumar NCC ke ba da lasisin sadarwa a Nijeriya, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar Jihar Legas da Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Don haka ma'aikacin da takardar neman izini ta zo teburinsa, amana biyu ke wuyansa: haƙƙin maƙwabcin da ba ya son ƙarfe a ƙofar gidansa, da haƙƙin ɗalibi da ɗan kasuwa da ke jiran intanet. Abin da misalin Amurka ya nuna shi ne, ana iya riƙe amanonin biyu idan aka amsa a kan lokaci, aka rubuta dalili, aka kuma karɓi kuɗin aiki kawai.