Mabuɗin da ba a yankawa a bakin kasuwa

Duk wanda ya taɓa kai mabuɗi wurin mai yanka a bakin kasuwa ya san aikin bai kai minti biyar ba. Ya ɗaura naka a gefe ɗaya na injin, ya ɗaura ɗanye a ɗaya gefen, ƙarfe ya yi ƙara, ka biya ka kama gabanka. To, yadda ya zo maka da sauƙi, haka zai zo wa yaron shago ko ɗan hayan da ka ara wa mabuɗin na yini guda.

Yawancin makullan ƙofofinmu jikokin wanda Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista ne a Amurka a 1865: ƙananan ƙusoshi a jere, haƙoran mabuɗi su ɗaga kowace daidai tsayinta, silinda ta juya. Masu ƙera makullan tsaro nan suka ƙara wuya. Kamfanin Medeco, da aka kafa a jihar Bajiniya a 1968, yana yanka haƙoran a karkace, don haka ɗaga ƙusa kaɗai bai isa ba, sai ta juya ta fuskanci inda ake so kafin wata 'yar sanda da ke gefe ta saki. Abloy na ƙasar Finlan, wanda Emil Henriksson ya ƙirƙiro a 1907, shi ko ƙusoshin ma bai da su, faya-fayai ne ke juyawa a ciki. Mul-T-Lock na Isra'ila kuwa ƙusa yake sakawa cikin ƙusa.

A ganina, rabin kuɗin da mai saye ke biya na takarda ne. Muddin rajistar fasahar tana da rai, doka ta hana wani ƙera ɗanyen mabuɗin, kuma dillalin kamfani ba ya yanka ƙari sai ka nuna katin da aka ba ka ranar saye. Sai dai rajistar shekara 20 take yi, kuma a ƙasashen da aka yi ta kawai take da ƙarfi. Da ta ƙare, kowa na iya buga ɗanyen ya zuba a kasuwa. Kafin ka saya, tambayi dillali saura shekara nawa. Katin kuma kada ya kwana a zobe ɗaya da mabuɗin.

Wajen gyara ne ake yawan ɓarna. Makulli ya ɗan cije, sai a ɗiga masa baƙin mai, wani ma man gyaɗa. Ranar zai yi laushi kam, amma bari ƙurar hunturu ta shiga: sai ta cakuɗe da man ta zama laka, ƙusar da ya kamata ta juya ta tsaya cik. Gwanin gyara hura silindar yake ya wanke, ya sa ɗan man da kamfanin ya tanada. In ya kwance ta, kan farin ƙyalle yake jera ƙusoshin bi da bi, domin musanya biyu kaɗai ya isa mabuɗin asali ya ƙi buɗewa. Ba ya goge ƙusa don ta zauna, sabuwa yake sawa. Mabuɗin da ya cinye kuma ba ya kwafar sa, tunda kwafin zai ɗauko cinyewar. Da lambar da ke kan katin yake yanka sabo.