Git: Taskar Tarihin Aikin Mai Tsara Manhaja

Duk wanda ya taɓa tsara manhajar kwamfuta ya san takaicin gyara ɗaya tak da kan rusa aikin mako guda, a rasa hanyar komawa baya. Abin ya fi muni idan mutane da yawa na aiki a kan fayil ɗaya, kowa yana shafe gyaran ɗan'uwansa ba da saninsa ba. Don magance haka ne masana suka ƙirƙiro tsarin adana tarihin sauye-sauye.

Dabarar ta daɗe, domin tun a 1972 Marc Rochkind ya samar da SCCS a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka. Amma wanda ya fi karɓuwa a yau shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a watan Afrilu na 2005, bayan masu aikin Linux sun rasa damar amfani da BitKeeper kyauta. Fifikon Git shi ne kowane ma'aikaci yana riƙe da cikakken tarihin aikin a kwamfutarsa.

Umarnin da ake buƙata kullum ba su da yawa. Da git status ake sanin fayilolin da aka taɓa, git diff kuma ya nuna layukan da suka sauya. Sai a zaɓi abin da za a adana da git add, a hatimce shi da git commit tare da taƙaitaccen bayani. Mai son gwada sabon tunani sai ya buɗe reshe da git branch. In gwajin ya yi kyau ya haɗe shi da git merge, in bai yi ba ya yar, ainihin aikin na nan lafiya.

Sai dai sanin umarni bai wadatar ba sai an haɗa da kyakkyawar ɗabi'a. A riƙa adana gyara kaɗan-kaɗan, kowanne da dalilinsa a rubuce, domin bayan wata shida marubucin kansa zai manta. A jawo aikin abokai da git pull kafin a tura nasa da git push. Kada a kuskura a adana kalmar sirri, domin ko an goge ta daga baya tana nan a cikin tarihi; in hakan ta faru, a sauya ta nan take. Haka kuma turawa da ƙarfi, wato git push --force, a reshen da jama'a ke amfani da shi na iya shafe aikin wasu.

Ɗalibin da ya saba da waɗannan tun a aikinsa na farko zai shiga ayarin masu tsara manhaja da ƙafar dama. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.