Igiya Ta Biyu a Kan Jigon Jirgi

A gasar Vendée Globe, wadda ake farawa daga gaɓar Faransa duk shekara huɗu, matuƙi ɗaya tal ke zagaya duniya cikin jirgin ruwa mai filafilai, ba tsayawa, ba mataimaki. Jigon da ke riƙe da filafilan ya kusa mita 29, kuma in wani abu ya lalace a ƙololuwarsa, dole matuƙin ya hau da kansa. Ellen MacArthur ta Ingila ta hau nata a gasar 2000 zuwa 2001, ta kuma zo ta biyu tana da shekara 24.

A tasha, mai gyara kan zauna cikin kujerar zane mai ɗamara, abokin aikinsa ya ja shi sama da na'urar naɗe igiya. Wanda ke shi kaɗai kuwa, maƙalan masu hawan duwatsu yake ɗaurawa a igiya, masu zamewa sama, su cije da zarar nauyi ya sauka kansu.

A ganina, igiya ta biyu ta fi duk waɗannan muhimmanci. Igiyar ɗaga filafilai takan sha rana da gishiri, ta goge can sama inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa ƙwararru ke ƙara wata daban, su kuma ɗaure da ƙulli, domin maƙalar ƙarfe mai buɗewa da taɓi ɗaya tana iya sakin mutum. Ɗan tangaɗin da ba a damu da shi a ƙasa ba, can sama lilo ne mai maka mutum da jigo.