Daga Tatsuniyar Rasha Zuwa Akwatin Talabijin

Masu nazarin adabi sun daɗe da lura cewa tatsuniya ba ta mutuwa, sai dai ta sake riga. Misali shi ne Koshai Marar Mutuwa, mugun tsoho a cikin tatsuniyoyin Rasha da Afanasiyef ya tattara tsakanin 1855 da 1863. Koshai ya ɓoye ransa cikin allura, allurar cikin ƙwai, ƙwan cikin agwagwa, agwagwar cikin zomo, zomon kuwa cikin akwati. Muddin allurar ba ta karye ba, makami ba ya cinsa.

Wannan siffa ta sake ɓulla a Doctor Who, shirin ƙagaggun labaran kimiyya na talabijin ɗin BBC. Mugun shirin, Master, ya fara fitowa a 1971, kuma duk sa'ad da aka zaci ya halaka sai ya komo, sau da dama da sabon jiki. A 1997 wani littafi kan shirin ya laƙaba masa sunan Koshai. A 2022 kuma ya fito da kamannin Rasfutin, bokan fadar Rasha wanda ake cewa kashe shi a 1916 ya yi wuya ƙwarai.

Irin wannan aro ba baƙon abu ba ne a Katsina. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a birnin, ya ɗebo labaran Larabawa da na Turawa ya sa musu rigar Hausa a Magana Jari Ce. To, ga Dodo da Gizo da Ƙoƙi a taskar Hausawa. Idan marubuta ba su ɗinka musu rigar zamani ba, yara za su tashi da dodannin wasu kaɗai.