Awon Lantarkin Ƙwaƙwalwa da Sunayen Hauka a Ƙasar Daura

A ƙasar Daura, in hankalin saurayi ya soma gushewa, ya riƙa jin muryoyin da ba wanda ke jinsu sai shi, dangi su ne kan fara raɗa wa ciwon suna. Wasu su ce taɓin hankali ne, wasu shafar aljanu, wasu kuwa sammu. Sunan nan shi ke zaɓen hanya: ko zauren malami domin rubutu da ruƙiyya, ko gidan 'yan bori, ko asibiti irin na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna.

Cikin cututtukan da Hausawa suka haɗa a kalma guda, watau hauka, akwai wadda likitan nan na Suwizalan, Eugen Bleuler, ya sa wa suna sikizofireniya a 1908. Har wa yau ba a gane ta da gwajin jini. Likita sauraron majinyaci da danginsa ya ke yi, sa'an nan ya yanke hukunci. Saboda haka masana suka daɗe suna neman shaidar da za a iya aunawa.

A 1929 Hans Berger, Bajamushe, ya bayyana cewa ana iya liƙa wayoyi a fatar kai a zana motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. A 1978 Risto Näätänen na Finlan da abokan aikinsa suka gano wani abu. In ana maimaita wa kunne sauti iri ɗaya, sa'an nan aka sako wani dabam, ƙwaƙwalwa kan zabura cikin kimanin ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, ko da mutum bai kula ba. Tamkar makaɗin da ya ji abokinsa ya kauce wa kiɗa ke nan. Tun 1991 bincike ke nuna zaburar nan ta fi rauni ga masu wannan ciwo.

Amma fa a taro bambancin ya ke fitowa. In aka gwama masu ciwo da masu lafiya jimla guda, sai a gan shi. Ga mutum ɗaya kuwa ba ya yanke shakka, gama akan sami raunin a wasu cututtuka ma. Inda na'urar ta tabbatar da amfaninta shi ne wajen farfaɗiya, wadda ita ma akan jingina wa iskoki.

To, tun da awo bai kai ya zama alƙali ba, magana ce shaida. Uwar da ta zo daga Zango ko Mai'aduwa ta ce ɗanta "yana magana da iska" ta faɗi alamar ciwo da harshenta, in an sami mai fahimta. Tattara irin waɗannan kalmomi da tantance ma'anarsu aiki ne da ya rataya a wuyan masana Hausa, kuma malaman da ke horon masu koyarwa su ne za su kai shi aji, inda sau da yawa akan fara lura da canjin halin matashi.