Manhajar kwamfuta: saye ne ko haya?

A Ɗan Issa, garin iyaka da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, kwamfuta ta zama kayan sana'a. Masu fid da kaya daga duwan, da masu buga wa jama'a takardu, da ƴan kasuwa masu ajiye lissafin bashi, duk sun dogara gare ta. Amma shin manhajar da ke cikin na'urar mallakarsu ce, ko kuwa haya suke yi?

A da, al'amarin a fili yake. Mutum zai sayi manhaja bisa faifai, ya yi aiki da ita iyakar son ransa. Idan sabon zubi ya fito, akan yi wa tsohon mai saye rangwame, kamar yadda mai shago yake sassauta wa abokin cinikinsa na yau da kullum.

Ranar 6 ga Janairun 2011 kamfanin Apple ya buɗe kantinsa na intanet, Mac App Store, inda ake sayen manhaja ba tare da faifai ba. Kantin yana karɓar kamashon kashi 30 cikin 100, wanda aka rage zuwa 15 ga ƙananan masu ƙira tun 2021. Sai dai bai tanadi farashin rangwame na sabon zubi ba. Saboda haka maƙerin manhaja yana tsakanin zaɓi uku: ya ba da gyaransa kyauta, ko ya fito da shi kamar sabuwar haja kowa ya biya cikakken kuɗi, ko ya koma karɓar kuɗin wata-wata.

Hanya ta ukun ce ta yaɗu, har a wajen kantin. A 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sababbin zubin Photoshop na sayarwa, ya koma haya. A shekarar kuma Microsoft ya fara ba magidanta hayar Office 365.

Mai karatu zai ce: ina ruwan Ɗan Issa, inda akasarin na'urori ke aiki da Windows? Da ruwanta. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 da Office 2016 da 2019. Ga mai son ƙarin shekara guda ta kariya a Windows 10, an yanka farashin dalar Amurka 30, wato kimanin jika 17. Biyan irin wannan kuɗi yana bukatar katin banki, abin da ba kowane ɗan kasuwa ke da shi ba. Nan ne wasu suke faɗawa hannun masu manhajar sata, wadda kan zo da ƙwayar cuta mai lalata lissafin shekaru cikin dare ɗaya.

Don haka, kafin mutum ya biya, ya kamata ya nemi amsar tambayoyi biyu: idan na daina biya, zan iya buɗe takarduna? Sabon zubi kyauta ne ko da kuɗi? Ya kuma riƙa ajiye kwafin lissafinsa a wata ma'ajiya dabam. Ga wanda aikinsa rubutu ne da lissafi kawai, akwai LibreOffice, wadda ake samu kyauta tun 2011. Ɗan kasuwar da ya san rumfarsa ta haya ce ba ya binne dukiyarsa a cikinta.